Wanda Zai Bi Layi da Yatsa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Umma na gaishe ka. Na kira lambarka har yatsana ya gaji, kullum a kashe, shi ne na ba direban motar kaya wannan. Duba da kyau, takarda ce. Ita ce wadda Farfesan nan na talabijin ya yi wa jana'iza shekara biyar da suka wuce, ya ce nan da shekara uku sai a gidan tarihi za a ga madaba'a. Kai kuma ka ji, ka rataye rigar aikinka a jikin injin Baba, ka tafi kamfanin na'urar zaɓe. To ga gawa ta biyo ka har gida.

Tun da na'urorinku suka ƙi tashi ranar zaɓe, injinmu bai huta ba. 'Yan majalisa na jifar juna da kujeru. Masu cewa a zuba na'ura a bola wurina suke buga fosta, masu cewa na'ura ce gobe su ma wurina. Farfesan ya dawo da sabon tabarau, wai dama ya hango haka. Na karance littafinsa a tsaye a shagon tsofaffin littattafai: shafi ɗari uku, babu "ban sani ba" ko ɗaya!

Amma ba shi ya sa na rubuto ba. Ka san dokar marigayi Baba: ba a buga komai sai ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya bi layi da yatsa. Tun tafiyarka ni ke karantawa, ni ke bi. Makon jiya na buga fosta dubu biyu da ranar taro ba daidai ba. Ga gwajin wani ɗan littafi kan dokar zaɓe na saka maka. Ba roƙo nake ba, dubawa kawai.

Ƙanenka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka miƙa gaisuwata ga Umma, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Wasiƙarka ta iso, na kuma ga bakinka na nan yadda na bar shi.

Ka rage zafi a kan masana. Mai hasashe ɗan Adam ne, kuma sabon abu sai da tuntuɓe. Aiki ya yi mana yawa a ofis, shi ya sa wayata take a kashe. Gwajin da ka aiko zan duba in na sami sarari. Ka nemi wani ya riƙa bi maka layi, masu karatu ba su ƙare ba.

Ka huta lafiya.
Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Wane ofis?

Direba ya faɗa mini komai, ko tambayarsa ban yi ba. Ya je kamfaninku ya tarar da kwaɗo ya yi tsatsa a ƙofa. Mai gadin maƙwabta ne ya nuna masa inda kake: wani ɗan shago kusa da kotu, kana tsaye bakin injin kwafi, kana kwafe wa lauyoyi takardun ƙarar na'urar da ka bar mu dominta. Wata bakwai, in ji shi. Takarda dai, Yaya! Ta wasu kake jerawa, ta gidanku tana nan tana fita da kuskure.

Farfesa ya yi ƙarya a gaban duniya, ya sake tabarau ya dawo ko gezau. Kai da aka yi wa ƙaryar kai ne ke ɓuya? Kunyar wa kake ji? In tawa ce, na yarda zan yi maka gori, kwana biyu, uku in ya yi yawa, daga nan bakina ya mutu.

Ka ce in nemi wani. Na nema. Mai ɗinkin littafi ya gwada, barci ya kwashe shi a shafi na huɗu. Kuma ba ido na rasa ba. Kai ne in na yi sauri kake buga tebur da biro ka ce, "Auta, ba tsere ake ba." Yanzu in ina karantawa sai in tsaya a inda na san za ka buga, in ji shiru. Rigarka na nan inda ka rataye ta. Umma ta hana a taɓa, ni kuma nakan yi kamar ita kaɗai ce ta hana.

Ban faɗa mata ba. Ranar Litinin zan ɗora littafin a inji, da kai ko ba kai.

Naka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa gare ka da Umma. Ga gwajinka na dawo da shi ta hannun wani matafiyi da zai taso yau. Kuskure goma sha ɗaya na zagaye da jan biro, amma ban yarda da idona shi kaɗai ba, ka san dokar.

Kada ka ɗora shi ranar Litinin. Direba ya ce sai Talata zai juyo, kuma akwai wuri a gaba. Gori kwana biyu ka ce, na riƙe ka a kan haka.

Ka sauke kwalayen da na san ka jibga a kan kujerata.

Yayanka