Mas'uda ta koma daka

Dogon Dutsi, 14 ga watan Satumba

Zuwa ga Yaya Asiya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Hashim da yara. Allah ya ƙara rufin asiri a can Agadas. Mu nan lafiya lau, hatsi ya fara nuna, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi.

Maganar ƙanwarmu Mas'uda ce, wadda ban so in yi miki a waya ba. Kwana ashirin da haihuwarta, tana jan guga a rijiyar ƙauyen mijinta, Sukukutane, ƙirji ya riƙe ta, gumi ya karyo mata. Mijinta Kamal ya kira ni, na ce olsa ce, na aika da magani daga shagona. Haka muka ɓata kwana guda, laifina ne. Da ta faɗi aka kawo ta asibitin nan, su kuma suka tura mu Yamai. Lokotoro ya ce bugun zuciya ne. Na ce ina, mace siririya 'yar shekara talatin da huɗu, wadda ko nama sai da salla? Ya ce ba kitse ne ya toshe jijiyar ba, bangonta ne ya yage da kansa. Ya nuna mini hoton jijiyar ƙodarta, ƙulli-ƙulli kamar carbi, ya ce ciwo ne na jijiyoyi da ya fi kama mata. Ya rubuta magani, ya hana ta guga da daka da ɗaukar kaya mai nauyi, don jijiyar tana iya sake yagewa.

To, kin san Mas'uda da kunya. Ba wanda ya sa ta aiki. Uwar mijinta, Allah ya saka mata, ita da kanta ta karɓi turmin. Abin da ya hana Mas'uda zama ke nan. Ta ce wai da wane ido za ta dubi mutane, tana kan tabarma tsohuwa na yi mata daka. Kamal ya ɓoye taɓarya, ta aro ta maƙwabta. Ya ce a kai hatsin inji, ta ce kuɗin kabu-kabu ya fi hatsin. Na yi mata faɗa, ta ce ciwon da ba a gani ba ya hana aiki. In ta dawo wajen Inna ma haka za ta yi.

Ke kika goye ta, ke kaɗai take jin maganarki. Kamal ya yarda ta zauna wajenki wata uku da jinjirin. Ki zo ki ɗauke ta, Yaya, tun kafin a yanke hatsi aiki ya ƙaru. Jiki magayi ne, amma nata ya riga ya faɗa sau ɗaya.

Ki gaida Malam Hashim da Rumaisa'u da Huzaifa. Inna da mai ɗakina Mubarika na gaishe ki. Shekaranjiya na je Sukukutane, ina tsaye a zaure na ji daka a cikin gida. Na san hannunta. Ban iya shiga ba.

Ƙanenki,
Shu'aibu