Hannun 'Yar Maƙwabta Nake Aika wa Mijina

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Mijina soja ne, tun bara yana bakin daga. An karɓe musu wayoyi, sai wasiƙa, direban motar abincinsu ke kawowa. Kowace wasiƙa labarin ciwo ne. Ruwan sansani ya ɓaci, gudawa ta kwantar da rabin tantinsu, shi ma ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa. A ƙarshe kullum sai ya ce in ɗora hannun 'yarmu a takarda in zagaye da biro, ya ga yadda take girma.

Anti, yarinyar ta rasu. Ƙyanda ce, watanni ke nan.

Surukata ta hana a gaya masa, wai majinyaci mai bindiga a hannu ba a kai masa irin wannan labari. Ranar amsa wasiƙa sai ta aika a kawo 'yar maƙwabta, ta danna hannunta a takarda, ta miƙo mini biro. Ni ke zagayewa. Yarinyar dariya take ta yi, wai ina mata cakulkuli. Da na fashe da kuka, wan mijina ya ce tunda na kasa riƙe 'ya, ai sai in riƙe bakina. Wallahi a gaban mutane ya faɗa. Jiya kuma amsa ta zo, murna yake, wai yatsun irin nasa ne sak, ya nuna wa duk 'yan ɗakin jinya. In faɗa masa ne, ko in ci gaba?

Matar soja

'Yar'uwa, Allah ya jiƙanta, ya ba ki haƙuri. Surukarki tsoro take ji, ta rasa jika, ba ta so ta rasa ɗa, wannan na fahimta. Amma abin da take sa ki yi mugunta ne, kuma maganar wan mijinki ba ta mutanen kirki ba ce. Ƙyanda ba laifinki ba ne.

Daga yau ki ajiye biron nan. Kada kuma ki jefa masa labarin a takarda yana kwance shi kaɗai. Ki je ofishin kula da iyalan sojoji, ki roƙa a sa likitan sansanin ya zauna da shi ya faɗa masa, sannan a miƙa masa wasiƙarki, da gaskiyar duka. Zai yi fushi, wataƙila har da ke, kuma ba zan yi miki alkawarin zai huce da wuri ba. Amma 'yarsa ce, har yau ko addu'ar mamaci bai yi mata ba, ku kuka hana shi. Allah ya ba shi lafiya, ya dawo miki da shi.