Shirun Daƙiƙa Huɗu

Riruwai, 6 ga Oktoba

Zuwa ga ɗana Zayyad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da mahaifiyarka. Mu nan ruwa ya ɗauke, masara ta shigo gida, sai godiya.

Da gangan na ƙi ɗaga wayarka. Maganar da ta dame ni ba na yin ta a waya, shi ya sa na ba Dikko direba wannan takarda ya miƙa wa mai shiga Kano a Kwanar Dangora.

Habu mai igiya ya zo mini jiya. Ya ce ya ji ka sayar da waƙarka ta ramin kuza ga wani kamfanin lemo mai ƙara kuzari, za su yi talla da ita a rediyo. Ya ce za a cire shirun. Ina so ka ce mini ƙarya aka gaya masa.

Bari in tuna maka abin da ka ɗauka, ko Kano ta mantar da kai. A nan, in mutum ya sauka rami haƙar kuza, mai riƙe da igiya a sama yakan kira sunansa lokaci lokaci, shi kuma ya amsa daga ƙasa, “Ina nan.” Da haka ake sanin yana numfashi. Ka ɗauki muryar Habu a wayarka yana kiran “Mujitaba”, yayanka yana amsawa. Wata biyar bayan nan ramin ya rufta da shi. Da ka yi waƙar, ka sa kiran sau uku da amsarsa. A na huɗu Habu ya kira, ka tsayar da kiɗa, ka bar shiru na daƙiƙa huɗu. Duk baitocinka ban damu da su ba, wasu ma ba su da awo. Wannan shirun shi ne waƙar.

Ni na fara kunna maka kaset ɗin hip-hop kana aji uku, wanda na zo da shi daga Zariya. Na gaya maka asalinsa: ’ya’yan baƙar fata talakawa a Amurka, a unguwannin da hukuma ta bari suna ƙonewa, ba su da kuɗin kayan kiɗa, suka ɗauko faya-fayan iyayensu suka yi abin faɗar abin da jarida ta ƙi faɗa. Da wannan na san shi. Yau na ga ya zama sarƙar wuya da tallan takalmi. Na ɗauka na reni ko mutum ɗaya da zai bambanta. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli, na saba da ganin abin da na shuka ya fito ciyawa, amma ban zaci daga gidana ba.

Ka gaida ƙanwata. Ina jiran amsa a rubuce.

Kawunka,
Lado

*

Kano, 11 ga Oktoba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa. Umma tana gaishe ka, ta ce ka rage goro.

Ba ƙarya aka faɗa wa Habu ba. Na sa hannu. Sun ce rediyo ba ta ɗaukar shiru, mai sauraro zai ɗauka tashar ta ɗauke ya murɗa gaba. Za su sa Yaya Mujitaba ya amsa a karo na huɗu ma, sai a faɗi sunan lemon.

Kawu, shekara guda waƙar nan tana waje. Babu tashar da ta sa ta. Wa ya ji ta? Mutanen Riruwai, waɗanda suka riga suka san abin da ya faru. Yanzu duk Arewa za ta ji muryarsa, wanda ya so ya nemo cikakkiyar. Kuma na ware wa matarsa Shamsiyya da ’yarsu Mubaraka rabonsu. Yarinyar nan marainiya ce, shiru ba zai kai ta makaranta ba.

Game da asali, ka yi haƙuri, a mujallar laburare ka karanta shi. Ni na bincika. Waɗannan mutane wajen rawa suka fara, kuma sai ka biya a bakin ƙofa kake shiga. Da suka samu masu talla ba su gudu ba. Talaka ne yake neman hanyar fita, da can da yanzu. Kai ne ka zaɓi waƙa biyu masu zafi ka ce su ne addinin.

Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma ka ce daga gidanka. Shekara biyu ba ka yi wa Yaya, ɗan cikinka, magana ba, don ya bar kwaleji ya shiga rami. Ko sau ɗaya ba ka je bakin ramin ba yana raye. Kada ka ce kunyar ɗan fari ce, da can kana kiran sunansa gatsau, kana cewa kai ɗan boko ne. A wasiƙarka sau ɗaya ka rubuta sunan, shi ma a bakin Habu ka sa shi. Ni na tsuguna a wurin na ɗauki muryarsa. Shirun da kake karewa, kai ka fara yi masa shi.

Ka yafe mini in na zarce.

Ɗanka,
Zayyad

*

Riruwai, 19 ga Oktoba

Zayyad,

Salama. Na samu takardarka. Kwana uku tana aljihuna.

Ka zarce, kuma gaskiya ka faɗa. Ranar ƙarshe da yayanka ya gaishe ni, ina alwala a ƙofar gida, ya durƙusa ya ce, “Baba, barka da asuba.” Na ci gaba da wanke ƙafa. Ba sai ka tuna mini ba, kullum da ita nake karyawa.

Amma laifina bai wanke naka ba. Na yarda masu hip-hop na farko sun karɓi kuɗin ƙofa. Wanda ya biya ya shiga, abin da suka ga dama suka faɗa masa. Kai kuwa wanda ya biya ne ya gaya maka abin da za ka faɗa. In ba ka ga bambanci ba, to a banza na koya maka karatu.

Ka ce duk Arewa za ta ji muryarsa. Me za ta ji? Mutumin da ya sauka rami ya sha lemo ya fito lafiya. Ka san masu sauraron rediyo a nan? Samarin da ke sauka ramukan ne, da ita suke yini. Ramin da ke kusa da nasa har yau babu itacen tokare a ciki. Habu bai sake taɓa igiya ba, gyaɗa yake sayarwa a tasha. Za ka sa shi ya riƙa jin kansa yana kira sau ashirin a rana, ana amsa masa.

Na sa an kai wa Shamsiyya kwafin takardunmu a Ɗansoshiya. Ni da kai muna ta gardama a kan mijinta, ban ga inda ka ce ka tambaye ta ba. Ni ma ban tambaya ba.

Kawunka,
Lado

*

Ɗansoshiya, 25 ga Oktoba

Zuwa ga Baba Malam, a kuma karanta wa Zayyad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe da Baba da ladabi. Mubaraka tana lafiya, ta fara haddar Fatiha.

Ni ban san Amurka ba, ban san wa ya fara me ba. Abin da na sani, ranar da abin ya faru ina bakin ramin. Na ji Habu yana kira har muryarsa ta dishe. Ba daƙiƙa huɗu ba ne, daga azahar ne har magariba.

Zayyad, ba zan ce ba ma bukata ba, muna bukata ƙwarai. Kuma na san don mu ka yi. Amma Mubaraka tana jin waƙar nan a wayata. Da ta tambaye ni me ya sa babanta bai amsa ba, da wannan shirun na yi mata bayanin mutuwa, ta kuma gane. In gobe ta ji a rediyon maƙwabta ya amsa, me zan ce mata? Za ta ce a je a fito da shi.

Ka sayar da kiɗanka da baitocinka, naka ne. Muryar baban Mubaraka ban yarda ba.

Baba, shi bai riƙe ka ba. Kaset ɗin nan naka na Zariya yana cikin akwatinsa. In kana so in aiko.

’Yarku,
Shamsiyya

*

Kano, 8 ga Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Na kai wa kamfanin takardar Shamsiyya. Lauyansu ya ce tun da matar ba ta sa hannu ba, ba za su taɓa muryar ba. Ni kuma sun ce na ɓata musu lokaci, sun cire ni daga wasannin da za su ɗauki nauyi a Kano da Kaduna. Kiɗan ya zama nasu, wannan na riga na sa hannu.

Ranar Litinin tallan ya fara. Sun ɗauko wasu ’yan wasa biyu a sitidiyo, ɗaya yana kiran wani suna, ɗaya yana amsawa sau huɗu. Ka ga ba abin da muka hana. Sai dai ba shi ba ne.

Ban ce ka yi daidai ba, Kawu. Har yanzu ban san da me mai waƙa zai ci abinci a tsarinka ba. Ba ni da amsa, kai ma ba ka da ita. Na rufe wayata kwana biyun nan, ba na son magana da kowa.

Zayyad

*

Riruwai, 14 ga Nuwamba

Ɗana,

Salama. Na ji tallan a tasha, ina tsaye gaban farantin Habu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wanda ya yi kiran bai taɓa riƙe igiya ba, ya ci gaba da ƙulla gyaɗa.

Ba ni da amsar, gaskiyarka. Jiya na je bakin ramin Mujitaba. Ciyawa ta rufe shi.

Sau shida na kira wayarka tun Juma’a, tana kashe. Na taɓa barin wani ya yi nisa ban kira shi ba.

Zayyad?

Kawunka

*

Kano, 16 ga Nuwamba

Kawu,

Ina nan.