Gyaɗa a Hannun Hajja Hansai

Gaya, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Baffa Tukur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan an kwashe amfanin gona lafiya. Baffa, tun jiya na kasa zaune na kasa tsaye. Littafin tarihin da nake koyar da 'yan mata da shi duk sarakuna ne da gwamnoni. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, mu kakanninmu ina suke a lokacin?" Shi ya sa na rubuto maka. Don Allah ka naɗo min muryar kakata Hajja Hansai a wayarka: shekarar babban fari, canjin kuɗi, duk abin da ta gani. Ita kaɗai ta rage a sa'o'inta, ina tsoron mu makara.

'Yarka, Muhsina

Toranke, 9 ga Nuwamba

Muhsina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina jin kin makara. Tun bara da na hana ta taɓa kowane aiki, don ta huta, Hajja sai zama a ƙofar ɗaki tana kallon bango. Na ajiye waya a gabanta awa guda, kukan akuya kawai ya shiga. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki

Gaya, 12 ga Nuwamba

Baffa,

Ina gaisuwa. Kada ranka ya ɓaci. Tun ina ƙarama ban taɓa jin Hajja ta ba da labari hannunta a sake ba, sai tana ɓarar gyaɗa. Ka ajiye mata ƙwarya ɗaya ka gani. Ka huta lafiya.

Muhsina

Toranke, 15 ga Nuwamba

Muhsina,

Na amsa. Ke da Goni mahaifinki kanku ɗaya, duk taurin kai! So kike gari ya ce Tukur ya sa uwarsa aiki tana da shekara tamanin? Ba zan yi ba. Ki gaida ɗalibanki.

Baffanki

Toranke, 28 ga Nuwamba

Muhsina 'yata,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne don ba zan iya faɗa a waya ba. Na ba ta gyaɗar. Yatsunta na fara aiki, bakinta ya buɗe. Ta ce a babban fari mata ne suka riƙe gari, suna haƙa gidan tururuwa su kwaso hatsi, suna dafa ganye babu gishiri. Ta ce wata mata daga can arewa ta iso zaurenmu da jariri a goye, ta roƙi ruwa, ta kwanta, ba ta tashi ba. Babu wanda ya san sunanta. Hajja kuwa a makon ta rasa nata jaririn, nononta bai kafe ba.

Na ce, "Inna, ina yaron yanzu?"

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ga shi nan yana hana ni aiki."

Kwana uku ke nan ina zagaya gona ban san me nake nema ba. Ki zo ranar kasuwar Ajingi, akwai mota. Na buɗe wa Hajja buhun gyaɗa guda. Kuma ki sa matar nan a darasinki, ko da babu suna.

Baffanki, Tukur