Injin Markaɗe a Bakin Binuwai

Jimeta, 4 ga Maris, 2024

Ƙawata Liyatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Ya zafi? Tunda kin daina ɗaga wayata, na koma wa alƙalami kamar zamanin da muke jami'a.

Ranar Alhamis ta sama wata baƙuwa za ta zo daga Turai, daga wajen masu ba ƙungiyarmu kuɗi. Tana son ganin injinan markaɗen da muka raba muku, ku matan Michika da kuka zauna a Rumde. Oga Absalom ya riga ya gama tsara hoton a kansa: kowace mace a ƙofar gidanta, injinta na ruri, ita kuma tana murmushin dogaro da kai. Jiya na zaga layinku, ban ji rurin ko ɗaya ba. An ce min duk suna lambun bakin Binuwai, a filin da Bappana Jibrilla ya ba ku aro.

Ban tambayi abin da injin markaɗe yake nema a lambu ba. Ki dai sa a mayar da su gidaje daga Talata zuwa Alhamis. A ƙa'ida har yanzu kayan ƙungiya ne. In aka ga babu, za a kwashe su, ni kuma a sallame ni.

Ki gaida mata. Taki,
Basma

Rumde, 6 ga Maris

Basma,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, sai gajiya.

Ke da kika yi ilimin tattalin arziki, gaya min: inji ashirin a layi ɗaya, wa zai kai wa wa markaɗe? Ni in kai wa Hilda tumatir, ita ta kawo min barkono, mu yi ta musayar kuɗi har mu zama attajirai? Da aka janye tallafin mai, kuɗin markaɗe ya kusa fin kuɗin kayan miyan. Unguwa ta koma wa turmi.

Sai muka kira Hosea bakanike. Ya cire kawunan injinan, ya haɗa biyu da famfon jawo ruwa. Sauran mun ajiye, muna cirar fulogi da bel idan wani ya lalace. Fetur muna haɗawa mu saya tare. Yanzu alayyahu ya kai gwiwa, kuɓewa ta fara fure. A zafin ranar Yola na watan Maris, ki hana su ruwa kwana uku ki ga abin da zai rage.

Mun bar gonaki a Michika sau ɗaya, da bindiga a bayanmu. Ba za mu bar wannan saboda hoto ba.

Ba ke ba ce kika rubuta a kundin digirinki cewa hannun kasuwa ba a ganinsa ne don yana cikin aljihun talaka? Har tafi na yi miki.

Allah ya tsare,
Liyatu

Jimeta, 8 ga Maris

Liyatu,

Bayan gaisuwa. Na karanta, na kuma ji zafin, kamar yadda kika so.

Kundin yana nan lafiya. Shi nake ɗora wa fanka don iska ta kai gado. A wannan aikin ma ina sukar jari-hujja, amma daga ƙarfe biyar na yamma.

Na gwada faɗa wa Oga Absalom gaskiya a hankali. Ya saurare ni da natsuwa, sannan ya ce, "Madam, mutanen nan sun biya kuɗi ne don su ga 'yan kasuwa ashirin, ba lambun gayya ba." Ban ga laifinsa ba. Darasin da aka koya mana ke nan: gwamnati ta janye hannu daga mai, daga taki, daga asibiti, kowa ya zama kamfanin kansa. Wanda ya faɗi, bai halarci horo da kyau ba. Ni da hannuna na rubuta tsarin injinan nan, an kuma yaba da Turancina.

Daren jiya na kasa barci, ina ta lissafin kuɗin haya da maganin Gogo, ƙanwar babana. Da safe na ce wa direba ranar Alhamis ya bi hanyar kogi, kada ya tsaya a Rumde. Oga bai sani ba. Kada ku taɓa famfon. In an kore ni, ki ajiye min kunya ɗaya ta yakuwa, ko da yake ban iya riƙe fartanya ba.

Taki,
Basma

Jimeta, 15 ga Maris

Liyatu,

Gaisuwa da ban gajiyar jiya. Kin ga yadda ta kasance, amma ba ki ji abin da aka faɗa a mota ba.

Baƙuwar ta yi ta share hawaye har muka shiga gari. Ta ce ba ta taɓa ganin basirar kasuwanci irin wannan ba. Oga Absalom, wanda a bakin kogi ya yi min kallon da ya kusa ƙona gyalena, ya bayyana mata cewa dama can haka muka tsara. Ba a kore ni ba. An ƙara min matsayi.

Ga albishir ɗin: za su saya wa mata ɗari huɗu famfo, kowace da nata, ta buɗe nata lambun, a yi gasa. Na tambaya a wane fili, da wane fetur. Aka ce tambaya ce mai kyau, in sa ta a rahoto.

Lambunku dai ya tsira. Ki bar ni in ji daɗin wannan ko na yini ɗaya.

Taki,
Basma

Rumde, 17 ga Maris

Basma,

Gaisuwa. Barka da ƙarin girma.

Bappanki ya ga fararen motoci a filinsa, ya kuma ji an ce Baturiya ta yi kuka a wurin. Yau da safe ya zo da mai awon fili da wani Alhaji mai kamfanin shinkafa. Ya gaishe mu da fara'a, ya ce mu ci wannan girbin lafiya.

Inji muna da shi har ya yi yawa. Ƙasa ce ba mu da ita. Ke 'yar ɗan'uwansa ce, yana jin kunyarki. Gobe bayan la'asar yana gidansa na Wuro Hausa.

Kada ki rubuta masa. Ki je da ƙafarki. Zan jira ki a bakin titi.

Liyatu