Matata Ta Shiga Takaba Ina Da Raina

Zuwa ga Gwaggo Lubabatu, mai Filin Shawarwari.

Assalamu alaikum. Gwaggo, ki taimake ni don girman Allah. Tun da na yi wayo ban taɓa roƙon wani mahaluki komai ba sai yau, kuma wannan ce takarda ta uku da na fara, biyun farko na yayyaga su. Kada ki buga sunana. A Wudil duk wanda kika tambaya zai nuna miki gidana, kuma abin da zan faɗa ko ƙanena da muke ciki ɗaya bai sani ba.

Ni da ƙarfina na tashi. A aji uku na sakandare na tsaya, shekarar da mahaifina ya rasu. Da shebur na fara, ina lodin yashi a bakin kogi kusa da gada. Yau tifofina ne ke ɗibar yashin nan zuwa Kano, inda ake ta gine-gine tun da arzikin mai ya zo. Ba alfahari nake miki ba. So nake ki gane ban saba da abin da ya fi ƙarfina ba. In mota ta lalace in sa a gyara, in ta ƙi gyaruwa in sauya wata. To, yanzu ga abin da ba ya gyaruwa kuma ba ya sauyuwa.

Matata, zan kira ta Mairo ko da yake ba sunanta ba ne. 'Yar Indabo ce, shekararmu goma sha tara tare, 'ya'yanmu biyar. Mace ce mai son kwalliya. Ko lokacin da ɗakinmu ɗaya na haya, ba ta taɓa fitowa tsakar gida ido ba kwalli ba. Duk ranar Alhamis Talatu mai kitso za ta zo, su shimfiɗa tabarma a inuwa tun hantsi har la'asar, ana kitso ana shewa. Nakan leƙa in ce wai kan mutum ɗaya ake kitsawa ko na unguwa duka? Talatu ta ce Alhaji in haushi kake ji kawo sanƙonka a yi maka shuku. Haka gidana yake a da.

Bayan Babbar Sallah Mairo ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Wata huɗu ta ɓoye mini, tana ta shan jiƙe-jiƙe. Da na sani na kai ta Kano, suka tura mu Zariya. Likita ya ce sankara ce, ciwon daji. Aka cire nonon. Yanzu wata allura ake mata ta jijiya wata-wata, an yi uku, saura uku. Gwaggo, allurar nan ta fi wuƙar. Gashin da ake wuni ana kitsawa ya zube a matashi da mataji. Girarta ta tafi. Fatarta ta yi duhu ta bushe tana saɓa, faratanta sun yi baƙi, leɓenta ya tsattsage, bakinta duk miki.

Bari in faɗa miki abin da na yi, ke ki yi hukunci.

Da na ga babu gashin, sai na tare Talatu a zaure ranar Alhamis na ce mata Hajiya ta tafi Indabo, kada ta ƙara zuwa sai na neme ta. Don kada a ga kan matata na yi, a riƙa yawo da shi gidan suna da gidan biki. Ashe Mairo na ɗaki tana jin muryarmu. Mutanen gari kuwa na ce musu ciwon shawara ne ke damunta.

Daga nan na shiga Kano, babban kantin da matan manya ke sayayya, na ce a haɗo mini duk abin da suke shafawa. Hoda, jan baki, turare kala-kala, man da aka ce yana haskaka fata, har da gashin kanti mai sheƙi a cikin kwalinsa. Akwati guda na cika na ajiye a gabanta. Ta buɗe, ta ɗaga gashin ta jujjuya shi, ta tambaye ni wai na wace ce, ta mayar ta rufe. Amma don ta faranta mini ta shafa man nan kwana uku. Fuskar ta feso da ƙuraje, wuyanta ya saɓule kamar ƙuna. Turaren kuwa da ya bugi hancinta sai amai.

Abu na ƙarshe da na yi shi ne ya hana ni sukuni. Ranar Juma'ar da ta wuce na dawo daga masallaci, ranar kasuwar Wudil ce, gari cike da 'yan kasuwa, kowace mace ta ci ado. Na shiga na same ta zaune da wani tsohon zani, ba kwalli, ba lalle, ba ɗan kunne, ta kife madubi a ƙasan gado. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce haba Mairo, ina da raina kin zauna mini kamar mai takaba? Wallahi Gwaggo so nake in zaburar da ita. Sai ta ɗago ta ce ai ba tawa take yi ba, tata take yi, tunda namiji ba ya takaba, in ba ta yi wa kanta ba wa zai yi mata? Ta ce matar da na aura an baro ta a Zariya, wannan ragowa ce, kuma ni ma na sani, shi ya sa na kori Talatu na sayo mata kan wata.

Tun ranar ba ta yarda in shiga ɗakinta sai ta lulluɓe har ido. Kuma ta ce ba za ta koma Zariya ba. Wai gara ta tafi da abin da ya rage na fuskarta, ko masu wankan gawa sa gane ta. Allura ta huɗu ran sha bakwai ga wata ne. Likitan ya faɗa mini baki da baki cewa in aka yanke a tsakiya, ciwon na iya dawowa. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, na ce zan ɗauke ta ƙarfi da yaji in sa a mota. Ta ce in ɗauka, ai ba nauyi gare ta yanzu ba.

Shekaranjiya na je duba lodi a bakin kogi, na kasa fitowa daga mota, na ɗaga gilasai na yi ta kuka, leburorina suna tsammani ko lissafi nake. Ni ban iya lallashi ba, ba a koya mini ba. Ni dai abin da nake tambaya, akwai wani mai ko hoda, ko a Ingila yake, wanda zai mayar mata da fuskarta kafin ran sha bakwai? Ki faɗi sunansa kawai, zan sa a kawo. In kuma babu, ki faɗa mini yadda mutum yake kallon abu yana tafiya bai iya tare shi ba.

Naki cikin damuwa,
Mai Tifa, Wudil.

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji Mai Tifa. Allah ya ba uwargida lafiya, kai kuma ya sassauta maka.

Babu man nan, ko a Ingila. Na faɗa maka tun farko don ka daina nemansa, kwanakin da suka rage ba su da yawa.

Ban ga mugun miji a takardarka ba. Ka kai ta asibiti, ka tsaya, ka rufa asiri iyakar saninka. Ita ma tana da nata: ɓoyon wata huɗu kuskure ne, ƙin komawa Zariya kuma ya fi shi. Amma ka dubi abin ta wajenta. Mace ta rasa nono ta rasa gashi, sai ta ji mijinta a zaure yana sallamar ƙawarta, bayan kwana biyu ya shigo da gashin wata a kwali. Kai kana cewa ina son ki, ita tana jin ba ki kalluwa.

Kalmar da ka jefa mata ta yi zafi, amma tunda ita ta karɓe ta, mu bi ta nan. Ka taɓa ganin an fita takaba da sayayyar miji? Mata ne ke fitar da mace. Su zo su kewaye ta, a yi wanka, a gyara kai, a sa lalle, a yi ta hira har ta tuna ita wace ce. Saboda haka ka taka da ƙafarka gidan Talatu, bayan ka nemi izinin Mairo, ka faɗa mata gaskiya, ka ce ƙarya ka yi mata. Ta dawo ranar Alhamis yadda ta saba. Babu abin kitsawa, amma akwai kan da za a shafa wa mai da ɗaurin da za a kafa. Dama ba don gashin kaɗai suke wuni ba.

Na yi aikin jinya kafin in ajiye, ga abin da za ka karanta musu su biyu. Man hasken nan a zubar da shi yau, wuyan kuma a nuna wa likita. Duhun fata da na farce aikin allurar ne, yawanci yana washewa in an gama, gashi da gira ma suna sake tsirowa. Ka faɗa mata wannan, mai yiwuwa ba wanda ya taɓa faɗa mata da Hausa. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙamshi, ba soso mai kaushi, ba dilka, ba dutsen goge ƙafa, ba reza kusa da ita, don ɗan ƙaramin rauni yanzu yana daɗewa bai warke ba. Tana fitowa a shafa man kaɗanya mai tsabta ko basilin tun jiki da danshi, har fatar kai da leɓe da gindin farce. Baki kuma a riƙa kurkurewa da ruwan gishiri kaɗan, a bar goro da fure da asuwaki mai tauri sai mikin ya tafi.

Kwalliya ba a hana ta ba. Jagira mai laushi ta isa ta zana gira. Kwalli ya zama nata ita kaɗai, ba na karo-karo ba, kuma ranar da ido ke ruwa a haƙura. Lalle na ganye zalla, a tafin hannu da ƙafa, bayan an tambayi likita. A bar farce da bayan hannu, nan ma'aikata ke dubawa suna neman jijiya. Hannun hagu, ɓangaren da aka yi aikin, kada a matse shi da awarwaro ko zobe. Turare a sa wa tufafi a shanya kafin ta sa, in ƙamshin na tayar mata da zuciya a bari gaba ɗaya. Ɗankwali na auduga mai taushi a ciki, sannan ta kafa wanda take so a sama, kuma kada rana ta daki kan. In ɗinkin ƙirjin ya warke sarai, mace mai keken ɗinki za ta yi mata ɗan matashin auduga da zai zauna a rigar nono, riga ta faɗi daidai. Gashin kantin kuwa a ajiye. In wata rana ita ta nema, shi ke nan. Kai dai kada ka ƙara ambatonsa.

Saura naka, kuma shi ne mai wuyar. Ka yi sallama a ƙofarta, ka zauna a ƙasa ko da tana lulluɓe, ka ce ka yi kuskure, ba tare da ka bi shi da amma ba. Ka faɗa mata tsoro ne ya sa ka, tsoron rasa ta. Ita har yanzu ƙyama take zato, domin fushinka kaɗai ka bari ta gani. Kada ka roƙe ta ta buɗe fuska. Ranar da ta buɗe, kada ka kau da kai, kada kuma ka ce ba abin da ya sauya, ta san ƙarya ne.

Ɗauka da ƙarfi kuwa ka janye ta. Ka roƙe ta abu guda: ta je ta faɗa wa likitan da bakinta abin da ke wahalar da ita, domin akwai maganin amai da na miki, kuma sukan duba yadda za su sassauta. Ba zan ce maka za ta warke ba, ban sani ba, sanin yana wurin Allah. Amma na ga mata da yawa da suka ce sun gama, kuma suka koma suka ƙarasa, da suka tabbata akwai mai son su a yadda suke.

In ta yarda ran sha bakwai, kada ka tsaya a baranda kana safa da marwa. Ka nemi izini ka shiga, ka ja kujera kusa da gadon, in amai ya zo kai za ka riƙe mata kwanon.

Allah ya tashi kafaɗunta, ya sa zakkar jiki ce, ya bar ku tare.

Gwaggo Lubabatu.