Yayana Ya Mayar da Innarmu Allon Talla

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara.

Garinmu ƙarami ne, a bakin tafki. Baƙi na zuwa hutu, su hau kwalekwale, kafin su koma su nemi tsaraba. Titi ɗaya ne tal daga tasha zuwa bakin ruwa: kantin kayan masarufi, mai huluna da tabarau, masu busasshen kifi, sai shagon Yayana, inda nake tayawa. Kwanduna muke sayarwa da faya-fayai. Duk baƙon da ke son abin da zai ce na garin nan ne, wurinmu zai ƙare.

To Anti, ko ɗaya ba na garin nan ba ne. A cikin kwali ake sauke su daga kamfani, roba ce da gam, an yi mata launin ciyawa. Aikina in zauna a ɗakin baya ina ɓare takardar kamfanin da farce. Wanda ya cika sheƙi kuma Yaya ya goga masa ganyen shayi don ya yi kamar ya sha hannu.

Da a nan ya tsaya, da na kau da kai. Innarmu masaƙiya ce ta gaske a zamaninta, da ciyawar bakin tafkin nan ta ciyar da mu. Yanzu sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu. Shi ne kullum da safe Yaya zai ɗauko ta a babur, ya shimfiɗa mata tabarma a ƙofar shago, ya ɗora mata rabin kwando a cinya. Wallahi kwandon ma na kamfani ne, shi ya warware bakinsa da almakashi! Ita dai ta riƙa tattaɓa shi. Baƙi su taru suna ɗaukarta hoto, shi kuma yana washe baki yana rantsuwa duk kayan nan aikin hannunta ne. Tir!

Makon jiya wata baƙuwa ta dawo da kwandon da ta saya bara, hannunsa ya ɓalle. Ta durƙusa gaban Inna da ladabi, wai ta yi tafiya mai nisa don wadda ta saƙa shi ta gyara mata. Inna ta juya shi, ta ga gam ya fito fili. Yaya ya yi wuf ya fizge, ya ce tsohuwa ta gaji, ya sauya wa matar wani. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun ranar Inna ta rage cin abinci.

Na yi masa magana, ya wanke ni tas. Wai da wannan shagon ake sayen maganin Inna, wai baƙi labari suke saya ba kwando ba. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ita da kanta take shiryawa tun da sassafe ta zauna jiran babur. Gida ba kowa, daga ita sai rediyo. Ina so in ɗauke ta in mayar gidana, ko da mu da Yaya za mu raba hanya.

Ƙanwar mai shago

*

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki, ni ma raina ya ɓaci. Abin da Yayanki yake yi ha'inci ne, rantsuwar kuma ta fi komai muni. Bai tsaya ga cutar baƙi ba, ya ari mutuncin da mahaifiyarku ta gina da yatsunta ya lulluɓe roba da shi.

Amma ki yi masa adalci. Shi ke ɗauke da maganinta, shi ke zuwa ya ɗauko ta kullum. Tsoron rasa ciniki ne ya rufe masa ido, ba ƙin uwa ba. Ke ma ki duba farcenki, da shi ake ɓare takardar. Ki fara daina wannan tun gobe, ba tare da hayaniya ba.

Kada ki ɗauke Inna. Za ki raba ta da ƙarya, ki kuma raba ta da mutane, ki kulle ta a ɗaki. Zaman ƙofar shago take so, ba rabin kwandon ba.

Ki sami Yayanki ku kaɗai, ba a gaban Inna ko baƙi ba. Ki nuna masa titinku ɗaya ne, baƙon da ke neman tsaraba ba shi da wani wurin zuwa, zai saya ko an gaya masa na kamfani ne. In ya ƙi ji, ki sa babban da yake jin nauyinsa a dangi. Sannan ki yanko wa Inna ciyawa ta gaske. In yatsun sun yarda, ko faifai ɗaya ta gama a wata, ko ya karkace, nata ne. In sun ƙi, ta zauna ta koya miki, baƙi su kalli abin da yake gaskiya.

Kafin duk wannan, akwai abin da na lura. Kin faɗa mini ra'ayinki, kin faɗa mini na Yayanki. Shi yana dasa ta a ƙofa, ke kina shirin tuge ta, babu wanda ya tambaye ta. Ki je ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta me take so, ki yi shiru har ta gama.

Allah ya ba ta lafiya, ya daidaita tsakaninku.